Berchtesgaden a kudancin Jamus: ina gidan Hitila yake, kuma me ya kamata baƙo ya gani?

Ɗan Kawo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman haske daga waɗanda suka san kudancin Jamus. Akwai wani gari a cikin duwatsun Alps mai suna Berchtesgaden da ake cewa Hitila ya yi gida a can. Hoton da aka fi yaɗawa shi ne na wani gini a ƙoli-ƙolin tsauni da ake kira Sheƙar Mikiya. Shin wannan ginin shi ne gidan nasa? Yaya ƙasar wurin take, kuma me ya faru a can lokacin yaƙin duniya na biyu? Sannan wanda zai tashi daga Kaduna zuwa Munik, yana da rarar kwana uku, yaya zai tsara zuwansa ba tare da ɓata kuɗi da lokaci ba? Na gode.

Malamin Labarin Ƙasa, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ɓangaren ƙasa, domin in ba ka fahimci yadda wurin yake a kwance ba, tarihinsa ma ba zai shiga ba.

Garin yana can ƙuryar kudu maso gabashin jihar Bavariya. A taswira za ka ga wani ɗan harshe na ƙasar Jamus ya kutsa cikin Ostiriya, har Ostiriyar ta kewaye shi ta gabas da kudu da yamma. To a cikin wannan harshen yake. Birnin Salzburg na Ostiriya ya fi kusa da shi nesa ba kusa ba, bai wuce tafiyar kilomita 25 ba, alhali Munik ta kai wajen kilomita 150. Mutanen garin kansa ba su kai dubu goma ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne tudun garin daga teku bai wuce mita 570 ba, wato kusan daidai da Kaduna da muke zaune. Bambancin shi ne abin da ke tsaye a kansa. Tsaunin Watzmann da ke kudu da garin ya kai mita 2,713, ya fi Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsayi a Najeriya da mita 2,419. Ta gabas akwai Hoher Göll mai mita 2,522, ta yamma akwai Hochkalter mai mita 2,607, ta arewa kuma Untersberg. Kana tsaye a kasuwar garin, dutse ya haura sama da kai da fiye da kilomita biyu. Ginin da ka gani a hoto yana kan Kehlstein, wani reshe na Hoher Göll, a mita 1,834. In kana son kwatance, duwatsun Shere na Jos sun kai mita 1,829, kusan kai ɗaya ke nan.

Duwatsun nan galibi na farar ƙasa ne, ragowar wani tsohon teku da ya ƙafe miliyoyin shekaru da suka wuce. Abu biyu ya biyo bayan haka. Na farko, dutsen farar ƙasa ba ya riƙe ruwa, yana zurarewa ta tsagogi ya ɓace a ƙasa, shi ya sa mai hawa yakan yi sa'o'i a sama bai ga ƙorama ba duk da yawan ruwan saman yankin. Na biyu, tekun ya bar gishiri a ƙarƙashin dutse, kuma gishirin nan shi ya yi garin. Tun wajen shekarar 1102 aka kafa gidan masu ibadar Kirista a wurin, shugabanninsa suka zama sarakunan wata 'yar ƙaramar ƙasa mai cin gashin kanta har zuwa 1803, kafin ta koma hannun Bavariya a 1810. Da me suka riƙe sarauta shekaru aru-aru a cikin kwarin da noma ba ya ciyar da kowa? Da gishiri, kamar yadda Bilma ta rayu da kantu da ayarin raƙuma.

Mahaƙar da ke aiki yau an buɗe ta a 1517, kuma ba ta tsaya ba. Ba sarar gishirin ake yi da diga ba, domin a gauraye yake da laka. Ana huda rami a tura ruwa mai daɗi, ruwan ya narkar da gishirin, lakar ta kwanta a ƙasa, sai a zuƙo ruwan da ya ƙoshi da gishiri, wajen kashi 26 cikin ɗari. Daga nan a tura shi ta bututu zuwa garin Bad Reichenhall a dafe shi. Bututun farko injiniya Georg von Reichenbach ne ya shimfiɗa shi a 1817, mai tsawon kilomita 29, da wani famfo da ƙarfin ruwa kaɗai ke tuƙa shi yana ɗaga ruwan gishiri sama da mita 350.

Sai tafkin Königssee, kilomita biyar kudu da garin. Ƙanƙarar zamanin da ce ta nuƙe dutse ta haƙa shi, tsawonsa ya kusa kilomita takwas, zurfinsa mita 190, duwatsu sun miƙe tsaye daga bakin ruwa ta yadda babu hanyar ƙafa da ke bin gaɓarsa. Tun 1909 jiragen ruwa masu lantarki ke aiki a kansa, wannan na cikin dalilan da suka sa ruwansa garau yake. Shi da duwatsun da ke kewaye da shi suna cikin gandun ƙasa da aka kafa a 1978, mai faɗin murabba'in kilomita 210.

Game da sanyi, riƙe wannan lissafin: duk mita dubu da ka hau, zafi yana sauka da wajen digiri shida. In garin yana digiri 20, Kehlstein yana 12, ga iska. A wani kwarin sama mai suna Funtensee an taɓa auna digiri 45.9 ƙasa da sifili a Disambar 2001, saboda iska mai sanyi tana gangarowa ta taru a cikinsa kamar ruwa a kwano.

Hajiya Mai Tarihi, Malali:

Malam Ɗan Kawo, amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Ginin kan tsauni ba gidan Hitila ba ne, kuma wannan kuskuren shi ke sa dubban mutane su hau, su ci abinci, su ɗauki hoto, su sauko ba su ga inda aka yi ainihin abin ba.

Tsakanin garin da ƙolin Kehlstein akwai wani gangare a wajen mita 1,000 da ake kira Obersalzberg. Ƙauye ne na manoma da masaukan baƙi masu zuwa shan iska. Hitila ya fara zuwa wurin a 1923. A 1928 ya karɓi hayar wani ƙaramin gida mai suna Haus Wachenfeld, ya saye shi a 1933 bayan ya hau mulki, sannan aka faɗaɗa shi a 1935 zuwa 1936 ya zama babban gidan da ake kira Berghof. Wannan shi ne gidan.

Abin da ya sami mutanen ƙauyen ya isa darasi. Martin Bormann, na hannun daman Hitila, ya bi su gida-gida yana saye. Wanda ya yarda aka biya shi, wanda ya ƙi aka matsa masa da barazana har ya tashi. Iyalan da suka yi kaka da kakanni a wurin aka rushe gidajensu, aka kewaye gangaren da shinge, aka gina barikin SS, wato dakarun musamman na jam'iyyar Hitila ta Nazi, gidajen Bormann da Göring shugaban sojin sama, masaukin baƙi da ofisoshi. A Bischofswiesen da ke maƙwabtaka aka gina reshen fadar gwamnati a 1937, domin takardun mulki su riƙa tafiya ko yana kan dutse. Ko tashar jirgin ƙasan da za ka sauka a cikinta ginin wancan zamanin ce, za ka lura ta yi wa ƙaramin gari girma, don an yi ta ne saboda tarbar manyan baƙi.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shekarun mulkinsa a nan ya yi su. Hotunan da aka riƙa bazawa suna nuna shi yana shafa kan yara, yana wasa da kare, duwatsu masu dusar ƙanƙara a bayansa, mutum mai sauƙin kai da son zaman lafiya. A ɗakunan da ke bayan hotunan nan kuwa ga abin da ake yi. Ranar 12 ga Fabrairu 1938 aka kira shugaban gwamnatin Ostiriya, Kurt Schuschnigg, aka tsare shi da barazana har ya sa hannu a kan sharuɗɗan da suka buɗe ƙofar haɗiye ƙasarsa wata guda bayan haka. Ranar 15 ga Satumba 1938 firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya hau matakalar Berghof don tattauna yankin Sudeten na Cekosulobakiya, abin da ya kai ga yarjejeniyar Munik da ta miƙa wa Jamus yankin. Ranar 22 ga Agusta 1939 Hitila ya tara manyan hafsoshinsa a nan ya gaya musu za a afka wa Folan, kwana goma kafin yaƙi ya ɓarke. A ƙarshen Yulin 1940, a nan dai, ya sanar da su niyyarsa ta kai wa Tarayyar Sobiyet hari. Yaƙin da ya ci rayuka miliyoyi, wanda ya kwashi kakanninmu daga barikokin Kaduna da Zariya ya kai su dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wani sashe na shirinsa a wannan gangaren aka ƙulla shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa Bahaushe ya shiga wurin da nutsuwa.

To ita Sheƙar Mikiyar fa? Sunanta a can Kehlsteinhaus. Bormann ne ya sa aka gina ta a 1937 zuwa 1938 don karɓar baƙi da nuna isa. An fasa dutse aka yi hanya mai kilomita shida da rabi da ta ratsa ramuka biyar, daga ƙarshenta aka haƙa rami mai mita 124 zuwa cikin tsauni, sannan lif mai ado da tagulla ya ɗaga mutum wasu mita 124 zuwa cikin ginin. Ma'aikata goma sha biyu suka mutu a aikin. Shi Hitila zuwansa wurin bai wuce sau goma sha 'yan kai ba, kuma bai zauna a ciki ba.

Daga 1943, da jiragen ƙawance suka tsananta ruwan bama-bamai a biranen Jamus, aka shiga haƙa ramukan ɓuya a ƙarƙashin Obersalzberg, masu tsawon kilomitoci, da injinan iska da wuraren kafa bindiga a mashiga. Yawancin masu haƙar ma'aikata ne da aka kwaso daga wasu ƙasashe, da yawa bisa tilas. Hitila ya bar Berghof a tsakiyar Yulin 1944 bai sake komawa ba. Ranar 25 ga Afrilu 1945 jiragen Birtaniya samfurin Lancaster sama da 350 suka ragargaza gangaren. Mutanen wurin sun shige ramuka, shi ya sa waɗanda suka mutu ba su da yawa. Bam bai sami Kehlsteinhaus ba, garin da ke ƙasa ma ya tsira. Ranar 4 ga Mayu dakarun SS da ke janyewa suka cinna wa abin da ya rage na Berghof wuta, a ranar kuma sojojin runduna ta 3 ta Amurka suka shiga garin, na Faransa suka iso tare da su kusan lokaci guda.

A 30 ga Afrilu 1952 gwamnatin Bavariya ta tarwatsa kangon Berghof da nakiya, aka shuka itatuwa a wurin don kada ya zama wajen ziyarar masu ƙaunar aƙidar. Yau in ka bi 'yar hanyar daji ba abin da za ka gani sai katangar da ke tokare gangare da allon bayani. Sojojin Amurka sun mai da yankin wurin hutunsu har tsakiyar shekarun 1990. Da suka tafi, sai aka buɗe cibiyar tarihi mai suna Dokumentation Obersalzberg a 1999, ƙarƙashin kulawar cibiyar binciken tarihin zamani ta Munik, aka faɗaɗa ta aka sake buɗewa a 2023. Baje kolin nata yana ajiye hoton dutsen mai kyau kusa da hoton abin da umarnin da aka bayar a kansa ya haifar: kisan naƙasassu, yunwar da aka jefa Leningrad a ciki, sansanin kisan kiyashi na Auschwitz. Daga cikinta ake shiga wani sashe na ramukan ɓuyar. Shawarata, ka ba ta sa'o'i uku kafin ka hau sama.

Ɗan Kawo ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Hajiya, Malam na gode. Ashe ƙasa abin yake. Saura batun hanya da tsarin kwanakin.

Baban Rigasa:

Ɗan'uwa, fara da takardu. Bizar Shengen, wadda ƙasashen Turai da dama suka haɗu a kanta, kake buƙata, kuɗinta yuro 90 ga babba, da inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kada ka bari sai ya rage 'yan makonni. Biza ɗaya ta isa Jamus da Ostiriya, amma fasfo ya kasance a aljihunka duk ranar da za ka tsallaka, domin 'yan sandan Jamus suna duba mutane a iyakar nan.

Lokaci: tsakiyar Mayu zuwa Oktoba ne kawai ake hawa Kehlstein, sauran watanni dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Yuni da Satumba sun fi daɗi, Yuli da Agusta cunkoso ne da tsadar masauki.

Daga babbar tashar Munik ka hau jirgin yanki mai zuwa Salzburg, ka sauka a Freilassing, ka canza zuwa na Berchtesgaden. Duka wajen sa'a biyu da rabi zuwa uku. Inda ake kuskure: mutum ya zarce bai sauka a Freilassing ba, sai ya tsinci kansa a Salzburg. In hakan ta faru ba asara, bas mai lamba 840 yana kawowa daga can cikin ƙasa da sa'a guda. Akwai tikitin yini na jihar, Bayern-Ticket, da mutum ɗaya zuwa biyar ke iya haɗuwa a kai. A ranakun aiki sai ƙarfe tara na safe yake fara aiki, kuma ba ya aiki a jirage masu gudu irin su ICE da Railjet. Ka shiga ɗayansu da shi, tarar yuro 60 ce mafi ƙaranci. Tashar garin tana ƙasa a bakin kogi, tsakiyar gari yana kan tudu, don haka mai babbar jaka ya duba inda masaukinsa yake tun kafin ya biya. Masauki zai caje ka ɗan harajin baƙi na kowane dare ya ba ka katin baƙo. Karɓi katin, da shi ake hawa yawancin bas-bas na yankin kyauta.

Ranar farko da ka iso da rana, mahaƙar gishiri ta dace, don ko ana ruwa ba ruwanta. Za a ba ka rigar ma'aikata ka ɗora a kan kayanka, ƙaramin jirgi ya shiga da ku mita 650 cikin dutse, ku zame ta kan sulun katako zuwa ƙasa, ku haye wani tafkin gishiri a kan kwale-kwale. Ciki digiri 12 ne rani da damina. Mai babbar riga ko doguwar abaya ya sa wando da 'yar shara a ranar. Wanda ba ya son sulun akwai matakala.

Rana ta biyu bas 838 zuwa Obersalzberg. Cibiyar tarihi tukuna kamar yadda Hajiya ta ce, sai dai in hasashen yanayi ya nuna hadari da yamma, to ka fara hawa da safe ka sauko ka shiga cibiyar. Motar gida ba ta hawa hanyar Kehlstein, bas na musamman ne kawai, kuɗinsa daban, katin baƙo da tikitin jiha ba sa biyansa. Hanyar mota ɗaya take ɗauka, shi ya sa bas-bas ke tafiya a ayari kan lokaci, minti ashirin. Ka tabbatar an rubuta maka lokacin saukowa, sa'a biyu a sama ta isa. Kafin ka sayi tikiti ɗaga kai ka dubi tsaunin. In gajimare ya rufe shi, a sama ba abin da za ka gani sai fari fat.

Rana ta uku tafki. Isa bakin ruwa kafin tara. Jirgi yana kai wa St. Bartholomä, majami'ar nan mai jajayen ƙubbobi, cikin minti 35. A hanya matuƙi zai kashe inji ya busa ƙaho, dutse ya maido da sautin. Ka sayi tikitin da ya kai Salet, tasha ta ƙarshe da ake zuwa a watannin ɗumi kawai, daga nan tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa ƙaramin tafkin Obersee, can gaba kuma ga Röthbach, magangarar ruwa mafi tsayi a Jamus, mita 470. Rubuta lokacin jirgin ƙarshe a tafin hannunka. Babu titi, babu hanyar ƙafa mai sauƙi, wanda ya makara sai an aiko masa jirgi na musamman da kuɗi mai yawa.

Malama daga Barnawa:

In ƙara abubuwan da suka shafe mu kai tsaye.

Doka tukuna. Ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi, ko nuna tambarinsu, laifi ne a Jamus da ke iya kai mutum ɗaurin shekara uku ko tara, ko da wasa aka yi don hoto. Baƙi ma ana kama su. A gargaɗi matasan da ke cikin tawaga tun a gida. A cikin gandun ƙasa kuma an hana tashin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, kwana a tanti da kunna wuta.

Abinci: girkin Bavariya cike yake da naman alade, har a miya da cikin dunƙulen burodi. Kalmomin da za ka kiyaye a takardar abinci su ne Schwein, Speck da Schinken. Kifi shi ne mafita, a St. Bartholomä ana sayar da kifin tafkin mai hayaƙi da burodi. Naman halal ya fi samuwa a Salzburg da Munik. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi, ka yi sayayya ranar Asabar, kuma ka riƙe tsabar kuɗi domin bukkokin kan dutse da yawa ba sa karɓar kati.

Salla: alƙibla tana kudu maso gabas. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen biyar da 'yan mintoci, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, ga agogonsu yana gaban namu da sa'a guda a watannin ɗumi. Isha tana yin nisa, asuba ta zo da wuri ƙwarai, sai ka nemi hutun rana.

Hawa dutse kuwa, Watzmann ba na sabon shiga ba ne. Fuskarsa ta gabas bango ce mai mita 1,800 da ta ci rayuka sama da ɗari. Mai son ganin tafkin daga sama ya hau motar igiya ta Jenner, daga tashar sama ɗan hawa ne zuwa ƙoli a mita 1,874. Ko nan ɗin takalmi mai kauri da haƙora a tafi ake so, domin dutsen farar ƙasa in ya jiƙe santsi yake kamar sabulu, silifas da takalmin ofis su ke jawo yawancin targaɗe. Ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi, rigar ruwa da rigar sanyi ko da ka fito gari na zafi. Hadarin bazara da tsawa yakan taso ne bayan azahar, don haka ka kasance kana saukowa kafin biyu. Lambar neman agaji 112 ce, kuma ka duba takardar inshorarka ko ta ƙunshi ceto da jirgi mai saukar ungulu, domin da yawa daga inshorar biza jinyar asibiti kaɗai suke biya.